Dutsen Da Ke Jikin Kati

Edinbara, 3 ga Maris, 1997

Zuwa ga Kaka Mani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Hajjo, da Baba Iliya da iyalinsa, da duk mutanen Zongo. Yaya tansiyo, hawan jinin nan naka? Kana shan ƙwayoyin nan, ko kana tura su ƙarƙashin buzu kamar bara? Ni lafiya lau, sanyi ma ya fara sauƙi.

Albishirinka. An sa ranar ba mu takardar gama karatu, takwas ga Yuli. An ce kowa ya gayyaci mutum ɗaya daga gida, kuma ka san ba wanda zan kira sai kai. Tun ranar da Allah ya karɓi ran yayanka, kakana Audu, kai ka riƙe ni, kai ka riƙa kai ni lekol, makarantar boko, a bayan ɗan babur ɗinka mobilet. Takardar gayyata tana cikin ambulan ɗin nan. A ba Baba Iliya ya fara zancen fasfo da biza tun yanzu.

Kwana takwas za ka yi, na kuma tsara su tsaf. Ranar farko hutu kawai. Kashegari bikin. Rana ta uku mu shiga wata bas mai bene wadda ba ta da rufi, ta zaga da mu gari, kana zaune kana kallo. Akwai tsohuwar fadar sarakunansu, akwai gidan kayan tarihi, akwai wani lambu da aka tara itatuwan duniya a ɗakunan gilashi. Juma'a mu je masallaci. Duk inda na zaɓa na tabbatar akwai benci, kada ka damu.

A gaya wa Inna Hajjo ta aiko mini da daddawa da kuka, ta naɗe su da kyau.

Jikarka,
Huseina

Zongo, 21 ga Maris, 1997

Huseina likitar jakuna,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Hajjo tana gaishe ki, Iliya yana gaishe ki. Ƙwayoyi ina sha, kuma ba ruwanki da ƙarƙashin buzuna. Mun yi murna, Allah ya sa albarka a karatun. Hajjo ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

To, na karanta porogaram ɗinki sau uku. Na juya bayan takardar ko akwai saura, babu. Ina dutsen?

Kada ki ce mini wane dutse. Watanki biyu da zuwa can kika aiko mini da kati mai hoto, dutse kore a tsakiyar gari, kika ce suna kiransa Kujerar Arthur. Ga abin da kika rubuta a bayansa da hannunki: "Kaka, na hau wannan dutse, daga samansa na hango teku. In Allah ya kawo ka, tare za mu hau." Katin yana jikin madubin ɗakina shekara uku, har ya fara koɗewa. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa.

Yanzu Allah ya kawo ni, ke kuma kin kawo mini benci. Haba Huseina! In zama nake so, ai ga benci a ƙofar gidana, shekara tara ina kansa tun da na bar aikin sito a Kossodo. Zan shiga jirgi in ƙetare duniya don in zauna a bas ba rufi, ruwa yana dukana? Itatuwa a ɗakin gilashi kuma, me suka yi aka kulle su?

Ki saurara. Shekarata saba'in da ɗaya. Garin nan namu shimfiɗe yake kamar tabarma. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne rufin sito a Kossodo, ranar da iska ta yaye kwano. Kakanmu ya tako daga Kano har Gwanja a ƙasa, yana kora jakunan goro, ya ba mu labarin duwatsun da ya hau ya hango garuruwa a ƙarƙashinsa. Ni jikansa ban taɓa ganin gari daga sama ba, ban taɓa ganin teku ba. Ina son in gani da ƙafata kafin a kira ni.

Ki sa dutsen a porogaram. Ki kuma gaya mini, minti nawa kika yi kafin ki kai sama, kuma wane launi ne tekun?

Kakanki,
Mani

Edinbara, 9 ga Afrilu, 1997

Kaka,

Ina gaisuwa. Ina fatan an samu ragon Layya mai kyau, barka da Sallah tun kafin ta zo. A gaishe da Inna Hajjo.

Wallahi Tsoho ka iya riƙe zance. Kati na shekara uku! Ni na manta da shi ma.

Ka manta bara ka yanke jiki ka faɗi a ƙofar masallaci, aka kwashe ka sai lopital, gadon asibiti? Ni ban manta ba, ina nan ina kuka ni kaɗai, ba halin zuwa. Dutsen nan ba wasa ba ne. Littafin jagorar baƙi ya ce tsawonsa ya haura mita ɗari biyu da hamsin, hawa da sauka kamar awa biyu ga mai ƙarfi. Akwai iska, akwai santsi, ruwa yana zuwa ba sallama. In ka faɗi a can, wa zan kira? Me zan gaya wa Baba Iliya?

Ga wata shawara. Akwai wani ƙaramin tudu a cikin gari, Calton, da matakala, minti goma an kai. Shi ma ana hango ruwa. Mu je can, a ɗauke ka hoto, kowa a Zongo ya ga ka hau dutse. Wa zai san bambanci?

Mutumin da ko gidan waya ba ya zuwa sai a kan mobilet! Ka fara yin awa biyu a ƙasa ba tsayawa tukuna, sannan mu yi maganar Kujerar Arthur.

Za ka buƙaci rigar ruwa da takalmi mai igiya. Aiko mini da lambar ƙafarka.

Huseina

Zongo, 2 ga Mayu, 1997

Huseina,

Gaisuwa. An yi Sallah lafiya, ragon ya yi kitse. Lambar ƙafata arba'in da uku. Tudun matakala ki riƙe abinki. Ni zan san bambanci.

Kin ce awa biyu a ƙasa ba tsayawa. Na karɓa. Amma ki ji abin da kika jawo mini, don wallahi raina a ɓace yake.

Kin san garin nan. Ba mai tafiya a ƙasa sai wanda ba shi da kowa. Ranar farko na fito bayan asuba da sandata da agogona, na nufi baraji, madatsar ruwan nan ta Tanghin. Ban yi minti huɗu ba sai ga Ɗan'azumi Bakano mai atamfa, ya ci burkin babur ɗinsa, moto, a gabana.

"Baba, lafiya? Ina mobilet ɗin?"

Na ce tana gida, tafiya nake.

"Ina za ka?"

Na ce ba ko'ina.

Ya dube ni, ya dubi sandar, ya ce, "Subhanallahi. Hau, Baba." Na ƙi. Ya kashe moto ya sauko ya ce in ban hau ba shi ma ba zai je kasuwa ba, ya riƙa bi na yana tura ta. Mutum da shago, da masu jiransa. Ya zan yi? Na hau. Ya mayar da ni gida, ya kuma shiga ya gaya wa Hajjo a hankali wai a sa mini ido.

Kashegari na canza hanya. Wani saurayi Bamoshe da ban taɓa gani ba ya tsaya, "Yaba, Yaba, hau," yana kirana kaka da yarensu, har da cire hula. Na yi masa bayani da Moshanci, na yi da Faransanci, ya ce shi ba zai iya wuce tsoho a rana ba, uwarsa ba ta yi masa wannan tarbiyya ba. Bayansa wata mata da buhun gawayi a moto, ita ma wai in zauna a kan gawayin.

Sai na yi dabara. Na ce in ina tura mobilet, za a ga ina da abin hawa a ƙyale ni. Ina! Wani ya zo ya ce in zauna a kai, ya sa ƙafarsa a baya ya tura ni da motonsa har gindin mangwaron bakanike. Bakaniken ya kwance ta kaf yana neman ciwon da babu.

Kwana goma sha ɗaya ina fita. Mafi tsawon da na samu ba a ɗauke ni ba, minti goma sha tara. Mutanen nan da alherinsu za su kashe ni.

Yanzu magana ta zaga Zongo wai Iliya ya bar ubansa yana yawo a ƙasa. Liman ya kira shi ya yi masa nasiha. Iliya ya dawo ko abinci bai ci ba, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Hajjo kuma ta ɓoye mini takalma, na fita da silifas ɗin alwala.

Ban fasa ba. Kuma ba ki amsa mini ba. Ban tambayi littafi ba, ke na tambaya. Minti nawa kika yi, kuma wane launi ne tekun?

Mani

Edinbara, 6 ga Mayu, 1997

Kaka Mani,

Ina fatan kana lafiya, in dai mutumin da ke yawo a ranar watan Mayu yana iya zama lafiya. Ban ga amsar wasiƙata ba tukuna, amma jiya Baba Iliya ya bugo mini waya, abin da bai taɓa yi ba.

Innalillahi! Me kake yi haka? An ce kullum sai an tsinto ka a hanya an dawo da kai. An ce mutane suna tsayar da Baba Iliya a kasuwar Rood Woko suna tambayarsa ko wani abu ya taɓa maka kai. Ya ce ni na sa ka. Ni!

Tsoho, awa biyun nan ba sharaɗi ba ne. Na faɗa ne don ka ji nauyin abin ka haƙura. Ko yaro ya karanta ya san abin da nake nufi. Kai da ka yi shekara talatin kana karanta takardun sito, ka rasa gane wannan?

Don Allah, don Annabi, ka zauna a gida. Ina da jarrabawa ta ƙarshe nan da kwana goma, ga shi na kasa karatu, da na buɗe littafi sai in gan ka kwance a gefen kwalta. Ba dutse. Na gama magana. In ka ci gaba, zan rubuta wa Baba Iliya ya riƙe fasfo ɗin.

Huseina

Zongo, 27 ga Mayu, 1997

Huseina,

Muna lafiya, an yi ruwan farko ranar Laraba. Ina fatan jarrabawa ta yi kyau. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, taki ta iso bayan tawa ta tafi.

Wato kin faɗa ne don in haƙura. To ni ba haka aka koya mini magana ba. A gidanmu in an ce wa mutum yi kaza a ba ka kaza, in ya yi sai a ba shi. Fasfo kuma yana aljihun rigata, biza ta fito, ki gaya wa Iliya ya zo ya ɗauka in ya isa.

Ki duba ƙasan takardar nan. Wannan shuɗin tabon yatsan Kalla ne, mai lambu a Tanghin, da tawadar biro. Shi ne shaidata. Awa biyu da minti goma, ranar Asabar. Awa biyu da kwata, ranar Litinin. Ba tsayawa.

Ga yadda aka yi. Wata safiya ina zaune a bakin baraji ina cizon yatsa, sai na ga Kalla ya ɗora salati da kabeji a amalanke zai kai kasuwa, yana tafe a gefen jakinsa. Na bi shi da ido har ya ɓace. Moto nawa suka wuce shi, ba wanda ya ko waiwaya. Sai na ce, af! Mai jaki aiki yake, ba a ce masa hau. Abin da kakanmu ya sani ke nan ni na manta.

Yanzu kullum bayan asuba ina zuwa Tanghin a mobilet, in ajiye ta a lambu, in sa malafa, in kama igiyar jaki. Ni nake kai kayan bakin Rood Woko in dawo, Kalla yana ban ruwa abinsa. Ya ce bai taɓa samun ɗan aiki mai zuwa da wuri kamata ba. Jakin yana da wani miki a kafaɗa inda igiya ke goga, in kin san magani ki rubuto, tunda abin da kika je koyo ke nan.

Ɗan'azumi ya gane ni a rana ta biyar. Ya tsaya, ya buɗe baki, ya rasa inda zai ɗora ni da jaki, ya tafi yana salati. Iliya kuwa ya ce gara tafiyar da wannan, wai yanzu cewa ake ubansa ya koma ɗan amalanke. Na ce masa da jaki aka gina gidan da yake kwana a ciki. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji daɗin faɗa ba, amma na faɗa.

Shi ya ja ni wurin likita don a hana ni. Likita ya auna, ya sake aunawa. Tansiyo ta sauko daga sha takwas zuwa sha huɗu. Ya tambayi me nake yi, na ce jaki nake ja. Ya ce in ci gaba. Da kin ga fuskar Iliya.

Na cika nawa. Saura naki. Sau uku ke nan ina tambayarki abu biyu, kullum sai ki kewaye. Huseina, ni na yi renonki, na san yadda kike yi in kin fasa kwano kin ɓoye. Mene ne?

Kakanki

Edinbara, 12 ga Yuni, 1997

Kaka,

Ina gaisuwa. Na ci jarrabawa, alhamdu lillahi. Mikin jaki a wanke da ruwan gishiri safe da yamma, a naɗa tsumma mai laushi a igiyar, a ba shi hutun kwana uku.

Ban san launin tekun ba. Ban taɓa hawa dutsen ba.

Katin nan a shagon jarida na saye shi. Lokacin watana biyu a nan, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ban san kowa ba, Turancina bai zauna ba. Sai in yi kwana uku ban yi magana da mutum ba in ba mai shago ba. Ranar na haɗa kayana cikin akwati, na yi niyyar rubuto maka cewa zan dawo. Na zauna da biro, sai na tuna yadda ka tara mutanen Zongo aka yi mini addu'a, da yadda ka tsaya a filin jirgi kana ɗaga sanda. Na kasa. Sai na dubi hoton na rubuta abin da zai sa ka yi murmushi.

Bayan nan kuma ban je ba. Daga ɗaki sai makaranta, daga makaranta sai ɗaki. Ta tagar kicin ɗinmu ana ganinsa, kullum ina wanke kwano ina kallonsa. Mutane suna hawa bibbiyu, uku-uku. Ni da wa zan hau?

Tsoron faɗuwarka gaskiya ne, ban yi ƙarya a nan ba. Amma har da kunya. Na san da mun kama hanya za ka ce in shige gaba, ka ga ban san ta ba. Ka yafe mini. Na sa ka ja jaki wata guda a kan maganar da ba ta da tushe, na haɗa ka da ɗanka.

Na soke bas ɗin. Alhamis, goma ga Yuli, bayan karin kumallo. Na sayi taswira, na sayi takalma ƙafa biyu, arba'in da uku da talatin da takwas. Jiya na gwada nawa, na je gindin dutsen na dawo, yau da ƙyar nake taka matakala. In ka yi mini dariya ba zan ba ka shayi ba.

Huseina

Edinbara, 11 ga Yuli, 1997

Iliya,

Assalamu alaikum. Ka karanta wa uwarka wannan, da ƙarfi, kada ka tsallake komai. Watakila ma mu riga takardar isowa, duk da haka ka karanta. Muna lafiya. An ba Huseina takardarta, ta sa wata baƙar riga kamar alkyabba, na yi ta tafi har na kusa da ni ya matsa.

Jiya mun hau. Awa uku ba kwata, hawa da sauka. Ni na tsaya sau uku, likitar jakuna sau biyar. Iska ta ɗauke mini hula, tana can wani wuri a Sikotland. Takalman nan masu igiya azaba ne, amma ba su zame ba.

Tekun ba shuɗi ba ne. Launin tsohon kwanon rufi ne, da jirage a kai ƙanana. Garin duka yana ƙasa, har fadar sarakunan nasu. Na yi wa kakanmu addu'a, na yi wa Audu. Huseina ta yi ta hawaye ta ce iska ce. Ni ma iskar ta dame ni.

Amma ba wannan na zauna in rubuta maka ba. Dab da ƙarshe akwai wani wuri mai tsayi, numfashina ya ɗauke, ƙirjina yana bugawa, na zauna a kan wani dutse. Huseina tana can baya tana fama. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Mutane suna ta wucewa, na ƙirga ashirin da uku. Mutanen kirki ne, kowa sai ya yi murmushi ya ɗaga kai. Wata tsohuwa mai kare ta faɗi wani abu ta nuna sama. Amma ba wanda ya tsaya. Ba wanda ya ce baban wane ne wannan, ina 'ya'yansa. Raina ya ɓaci, na ce wane irin gari ne tsoho yana zaune yana haki ana wuce shi? Ni da na yi wata biyu ina faɗa da masu tsayawa.

Sai na hango yarinyar nan tana tahowa ita kaɗai, kanta a ƙasa, tana dafa gwiwa. Shekara uku ke nan haka take a garin nan, Iliya. Mu muna nuna wa baƙi kati a jikin madubi. Da ta iso ta ce, "Kaka, lafiya?" Na ce lafiya lau, ke nake jira. Na kama hannunta muka ƙarasa.

Ranar Talata za mu sauka tare, da la'asar. Ka gaya wa Kalla a ci gaba da ruwan gishirin. Ka gaya wa Ɗan'azumi ya rufe shago ya zo filin jirgi da motonsa ya ɗauki Huseina, ya bi da ita ta cikin Zongo a hankali, duk wanda ya tsayar da su a tsaya. Kada ka kira taksi saboda ni. Ka zo da motonka, zan hau bayanka.

Babanka,
Mani